Ban da 'yan ƙwallo, su wane ne manyan mutanen Manchester?

Tambaya: Malam, mu abin da muka sani game da Manchester bai wuce United da City ba. Ban da 'yan ƙwallo, akwai wasu fitattun mutane da birnin ya fitar waɗanda ya kamata mu sani?

Akwai su da yawa, ɗan'uwa, har sun fi ƙarfin amsa ɗaya. Sai dai abin da za ka fara lura da shi idan ka bi sunayensu shi ne, yawancinsu ba a garin aka haife su ba. Wani daga ƙauyen arewacin Ingila ya zo, wani daga Jamus, wani daga New Zealand, wani daga wani ɗan tsibiri a yankin Karibiyan. Abu ɗaya ne ya tara su: auduga. Ko dai kuɗinta ya gina wurin da suka yi aiki, ko kuma wahalar da ta jefa mutane ciki ce ta tayar da su. Wanda ya haddace sunayen bai san labarin audugar ba, bai san Manchester ba.

A 1801 mutanen garin ba su wuce 75,000 ba. Zuwa 1851 sun haura 300,000. Tun 1761 aka haƙa hanyar ruwa ta Bridgewater wadda kwale-kwale ke bi yana kawo kwal daga Worsley, farashin kwal ya faɗi da kusan rabi, injinan tururi suka samu abin ci. A 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin Manchester da tashar jiragen ruwa ta Liverpool. Ita kuwa auduga ba ta tsirowa a Ingila. Mafi yawanta daga kudancin Amurka take zuwa, inda bayi 'yan asalin Afirka ke nomanta, a sauke ta a Liverpool, a kaɗa ta a masaƙun Manchester da garuruwan da ke kewaye, Bolton da Oldham da Rochdale, sannan a sayar wa duniya yadi. Ko ƙwallon da ka ambata daga nan ta fito: ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa ne suka kafa ƙungiyar Newton Heath a 1878, ita ce ta zama Manchester United, City kuma ta samo asali daga wani coci a unguwar leburori ta Gorton a 1880.

Wanda zan fara da shi John Dalton ne. Ɗan masaƙi ne daga ƙauyen Eaglesfield, an haife shi a 1766, ya fara koyar da yara tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ɗan ɗariƙar Quaker ne, kuma a zamanin Oxford da Cambridge ba sa ba da digiri ga wanda ba ya bin cocin gwamnati. Manchester ba ruwanta da wannan, sai ya zo a 1793 ya kama koyar da lissafi. Shi ne a 1803 ya kawo bayanin cewa kowane sinadari an yi shi ne da ƙwayoyin zarra masu nauyi nasu na kansu, kuma idan sinadarai za su haɗu, bisa ƙayyadadden kaso suke haɗuwa. Duk ɗalibin da ke daidaita lissafin sinadarai a sakandare a kan harsashinsa yake tsaye. Shi ne kuma ya fara rubutu na ilimi a kan matsalar rashin bambance launi, domin shi da ɗan'uwansa duk suna da ita. Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa naci ne. Shekara 57 yana rubuta yanayin sama kullum, zafi da iska da ruwan sama, har ranar jajibirin mutuwarsa a 1844. Mutum kusan 40,000 suka je suka yi wa gawarsa bankwana, a garin da aka ce kuɗi kawai ya sani.

Ɗalibinsa James Joule shi ne ɗan gida, an haife shi a Salford, tsallaken kogi, a 1818. Bai taɓa zama farfesa ba. Mahaifinsa mai kamfanin giya ne, kuma tambayar da ta fara damun Joule ta ɗan kasuwa ce: injin lantarki zai fi na tururi arha? Daga nan ya shiga auna alaƙar aiki da zafi. Ya rataya nauyi a igiya, nauyin na sauka yana juya wani abu mai fikafikai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana auna ɗan ɗumin da ruwan ya ƙara, wanda bai kai digiri ɗaya ba. Manyan masana na Landan sun daɗe ba su saurare shi ba. Yau da sunansa ake auna makamashi, kuma yunit ɗaya da kake saya a mitar wuta joule miliyan 3.6 ne.

To, wannan ɓangaren masu ilimi ke nan. Ɗaya ɓangaren ya fi ɗaci. A 1819 garin nan mai cike da masaƙu ba shi da ɗan majalisa ko ɗaya, alhali akwai ƙauyukan da suka zama kufai amma suna tura mutum biyu. Ranar 16 ga Agusta mutum kusan 60,000 suka taru a filin St Peter domin sauraron wani mai jawabi, Henry Hunt, suna neman a ba su ƙuri'a. Sun zo da kayansu na zuwa coci, mata da yawa cikin fararen riguna, wasu da 'ya'yansu. Mahukunta suka tura mahaya dawakai da takubba, kuma cikin mahayan akwai 'yan kasuwar garin da masu shaguna. Mutum kimanin 18 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Na farkon da ya rasu yaro ne ɗan shekara biyu, William Fildes, wanda doki ya banke mahaifiyarsa tana riƙe da shi. Wannan kisa ake kira Peterloo. Wani ɗan kasuwar auduga da ya ga abin da ido, John Edward Taylor, ya kafa jaridar Manchester Guardian a 1821, wadda yanzu ake kira Guardian. A 2023 jaridar da kanta ta fito ta amsa cewa dukiyar Taylor da ta yawancin waɗanda suka ba shi jari tana da alaƙa da audugar bayi, ta nemi afuwa.

A 1842 wani matashi Bajamushe ɗan shekara 22, Friedrich Engels, ya iso. Mahaifinsa ne ya turo shi ya koyi aiki a kamfanin zare na Ermen da Engels, da fatan ya rabu da ra'ayoyinsa na juyin juya hali. Sai abin ya juye. Ya haɗu da Mary Burns, 'yar leburori 'yan asalin Ireland, kuma masana tarihi da yawa na ganin ita ce ta riƙa shiga da shi lungunan da ɗan mai kuɗi ba zai shiga shi kaɗai ya fito lafiya ba. Gani ya kori ji. Ya ga iyalai suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ruwan kogi ke shiga, ya ga unguwar da mutum 120 ke amfani da masai ɗaya, ya rubuta duka a littafin da ya fitar a 1845. Kada ka ce ƙarin gishirin ɗan gurguzu ne. Rahoton da Edwin Chadwick, jami'in gwamnati kuma haifaffen Manchester, ya fitar a 1842 ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin garin 17 ne, saboda yawan jariran da ke mutuwa, alhali a gidajen leburorin karkarar Rutland 38 ne. Engels ya dawo a 1850 ya yi kusan shekara ashirin yana aiki a wannan kamfani, kuma daga albashinsa da ribarsa yake aika wa Karl Marx kuɗin cefane da haya a Landan. Tebur ɗin da su biyun suka zauna suna karatu a 1845 yana nan har yau a ɗakin karatu na Chetham, wanda aka kafa tun 1653. Ko kana son gurguzu ko ba ka so, aƙidar da ta mulki Rasha da Sin ta ɗauki wasu daga cikin hujjojinta ne daga abin da aka gani a lungunan Manchester. Sunan Mary Burns kuwa da ƙyar ake ambatonsa, kuma wannan rashin adalci ne.

A gari ɗaya, a shekaru ɗaya, aƙidar da ke gaba da ta Engels ita ma ta yi ƙarfi. Richard Cobden, mai buga zane a yadi, da John Bright na Rochdale suka jagoranci yaƙi da harajin da ya sa hatsi tsada, suka ci nasara a 1846, suka zama limaman ciniki ba shinge. A Rochdale kuma a 1844 mutum 28, yawancinsu masu sana'ar hannu da masaƙa, suka haɗa fam ɗai-ɗai suka buɗe shago, wanda ya zama abin koyi ga ƙungiyoyin gama kai a duniya. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya ma a Manchester ta yi taronta na farko a 1868.

Akwai wani abu da ya faru a 1862 da nake so ka sani, ko da yake waɗanda suka yi shi ba a san sunayen yawancinsu ba. Yaƙin basasar Amurka ya tsayar da zuwan auduga, masaƙu suka rufe, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka koma layin karɓar tallafi. Maslaharsu ta kusa ita ce Birtaniya ta goyi bayan jihohin kudu masu bayi a buɗe hanya. Attajirai da yawa, musamman na Liverpool, haka suke so, kuma ba duk leburori ne suka ƙi ba. Amma ranar 31 ga Disamba ma'aikata suka yi taro a babban zauren Free Trade, wanda aka gina a filin Peterloo, suka rubuta wa Abraham Lincoln cewa suna tare da shi a kan kawar da bauta. Ya ba su amsa ranar 19 ga Janairun 1863. Shi ya sa idan ka je tsakiyar garin za ka ga mutum-mutumin shugaban Amurka a dandalin da ke ɗauke da sunansa. Mutumin da yunwa ke cinsa ya zaɓi 'yancin wani wanda bai taɓa gani ba, ni a wurina ya cancanci shiga sahun manya.

Cikin mata, Emmeline Pankhurst ce ta fi suna. An haife ta a Moss Side a 1858. Bayan rasuwar mijinta ta yi aikin rajistar haihuwa da mutuwa a wata unguwar talakawa, inda ta ga halin da 'yan mata da zawarawa ke ciki. A 1903, a falon gidanta da ke titin Nelson, ta kafa ƙungiyar neman wa mata ƙuri'a. A 1905 'yarta Christabel da Annie Kenney suka tashi a tsakiyar taron jam'iyyar Liberal suna tambaya ko za a ba mata ƙuri'a, aka fitar da su, aka kai su kurkuku. Annie Kenney ta fara aiki a masaƙa tun tana shekara goma, inji ya cire mata yatsa. Daga baya ƙungiyar ta shiga fasa tagogi da ƙona gine-gine, 'ya'yanta suna yajin cin abinci a kurkuku ana yi musu ɗure. Har yau masana na jayayya ko wannan zafin ya gaggauta nasara ko ya jinkirta ta. A 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 ƙuri'a bisa wasu sharuɗɗa, a 1928 aka daidaita su da maza, makonni kaɗan bayan rasuwar Emmeline.

Jami'ar Manchester ita ma 'yar auduga ce. Wani ɗan kasuwar yadi, John Owens, ya bar wasiyyar kusan fam 100,000 aka buɗe kwaleji a 1851, da sharaɗin ba za a tambayi ɗalibi ko malami ɗariƙarsa ba. Nan Ernest Rutherford ɗan New Zealand ya zo a 1907. Ya sa Hans Geiger da wani ɗalibi, Ernest Marsden, suna harba ƙananan ƙwayoyi a kan siririn fallen zinari, suna zaune a ɗaki mai duhu suna ƙirga ƙyallin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya da ido. Kusan duka suka ratsa suka wuce, amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo baya. Daga wannan 'yar tsirarun da suka dawo Rutherford ya gane a 1911 cewa nauyin ƙwayar zarra a dunƙule yake a wata 'yar cibiya, sauran kusan duk sarari ne. Zuwa 1919 ya nuna ana iya fasa cibiyar. Wato a garin da Dalton ya ce zarra ba ta rabuwa, a nan aka raba ta. Tashar lantarki ta nukiliya da bam ɗin da aka jefa Hiroshima duk daga wannan ɗakin gwaji hanyarsu ta taso.

A wannan jami'a, a wannan lokaci, akwai malamin kimiyyar sinadarai Chaim Weizmann, Bayahude ɗan asalin daular Rasha, wanda ya zo a 1904. A 1906 ya gana da Arthur Balfour, ɗan majalisa mai wakiltar gabashin Manchester. Editan Manchester Guardian, C. P. Scott, ya haɗa shi da Lloyd George, minista wanda daga baya ya zama firayim ministan Birtaniya, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya hanyarsa ta samar da sinadarin asiton, wanda ake buƙata wajen haɗa albarushi, ta ƙara buɗe masa ƙofofin gwamnati. Ranar 2 ga Nuwamban 1917 Balfour, yana ministan harkokin wajen Birtaniya, ya sa hannu a takardar da ta yi wa Yahudawa alƙawarin gida a Falasɗinu, ba tare da an nemi ra'ayin Larabawan da su ne mafi yawan mazauna ƙasar ba. Weizmann ya zama shugaban Isra'ila na farko. Duk mai bin abin da ke faruwa a Gaza ya kamata ya san cewa wani sashe na tushen maganar a Manchester aka ƙulla shi.

Kwamfuta kuma, ranar 21 ga Yunin 1948 wata na'ura da Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka haɗa ta zama ta farko da ta yi aiki da umarnin da ke ajiye a cikin ƙwaƙwalwarta ta lantarki. Kafin nan, idan za a canza wa irin waɗannan na'urori aiki, sai an sake jona wayoyi ko an zura takarda mai huji. A shekarar Alan Turing ya zo, mutumin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Manchester ya rubuta maƙalarsa ta 1950 mai tambayar ko na'ura na iya tunani, wadda masu aikin ƙirƙirarriyar basira ke komawa gare ta har yau. A 1952 aka hukunta shi bisa dokar da ta haramta neman jinsi a lokacin, ya mutu a 1954 yana shekara 41. An yi masa afuwar sarauta a 2013, kuma hotonsa ne a takardar fam 50.

Yanzu bari in zo inda labarin ya taɓa mu. Yunwar auduga ta 1860 da wani abu ta koya wa masu masaƙu kada su dogara da Amurka kaɗai. A 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester domin a noma musu auduga a ƙasashen mulkin mallaka, kuma idonsu na kan ƙasar Hausa. Winston Churchill yana wakiltar wata mazaɓar Manchester, yana kuma ƙaramin ministan mulkin mallaka, lokacin da aka amince da layin dogo na Baro zuwa Kano a 1907. Jirgi ya iso Kano a 1911. Sai dai masaƙan Kano sun fi Bature ba da farashi mai kyau, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cinta idan shekara ta yi tsanani. Jirgin da aka gina domin auduga ya koma jigilar gyaɗa, a nan su Alhassan Dantata suka bunƙasa. Audugar ta samu gindin zama a yankin Zariya da Funtua da Gombe, inda sunan BCGA bai ɓace ba har yau. Ta ɗaya hannun kuma akoko da alawayyo da atamfa ke shigowa daga Lancashire, lardin da Manchester ke ciki a lokacin, suna gasa da saƙar gida. Atamfar ABC a Hyde, gefen Manchester, aka daɗe ana buga ta. Kamfanin PZ na George Paterson da George Zochonis, wanda ya buɗe reshe a Najeriya a 1899, hedikwatarsa a Manchester take.

A wannan gari ne kuma, daga 15 zuwa 21 ga Oktoban 1945, aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a zauren Chorlton-on-Medlock. George Padmore da Kwame Nkrumah ne suka ɗauki nauyin shirya shi, W. E. B. Du Bois yana ɗan shekara 77 ya zo daga Amurka, ga Jomo Kenyatta da Hastings Banda da Amy Ashwood Garvey, daga Najeriya akwai Jaja Wachuku. Wani abin da ya sa aka zaɓi Manchester shi ne Ras Makonnen, ɗan Guyana mai gidajen abinci a garin, wanda ya iya samar wa baƙi ci da masauki a zamanin da otal ke iya juya baƙar fata baya. Tarukan baya roƙon gyara suke yi. Wannan kuwa, da wakilan 'yan ƙwadago a ciki, watanni kaɗan bayan babban yajin aikin Najeriya na 1945, 'yancin kai ya nema kai tsaye, ya kuma ce yajin aiki da ƙaurace wa kaya su ne makami. Jaridun Birtaniya ba su kula shi sosai ba. Shekara 12 bayan haka Nkrumah ya karɓi mulkin Gana, Kenyatta ya bi a Kenya a 1963, Banda a Malawi a 1964.

Idan ɗaya za ka zaɓa ka zurfafa a kansa, musamman in kana karatun tattalin arziki, Arthur Lewis nake ba ka shawara. Ɗan tsibirin Saint Lucia ne, ya zama farfesa a Manchester a 1948 yana shekara 33, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a Birtaniya. Tambayoyi biyu suka dame shi: me ya sa albashin lebura ya daɗe bai tashi ba a farkon bunƙasar masana'antun Ingila alhali riba na hauhawa, kuma me ya sa kayan gonar ƙasashe masu zafi ke da arha idan aka gwada da ƙarfe? Amsar da ya bayar a 1954 ita ce, muddin karkara na cike da mutanen da za su karɓi aiki a kan abin da bai wuce na ci ba, mai masana'anta zai yi ta ɗauka ba tare da ƙarin albashi ba. Albashi ba zai motsa ba sai rarar ma'aikatan ta ƙare, hakan kuma ba zai yiwu ba sai an zuba ribar a sababbin masana'antu, an kuma inganta noman abinci. Ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, suka saɓa a kan ayyukan da Lewis ke ganin na neman suna ne ba na amfani ba, ya bar aikin a 1958. Ya samu kyautar Nobel a 1979. Wanda ya san 'yan ci-rani, ya kuma ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka tashi suka faɗi, zai karanta maƙalar nan tasa ya ga ba Lancashire kaɗai take bayani ba.